Daɓe Babu Waƙa a Zauren Alhaji Jatau

Jiya ina daga ƙofar ɗaki na ji ku, ku da kuka taru kallon masu zuba siminti a gidan maƙwabta. Wata a cikinku, ba zan kama suna ba amma ta san kanta, ta ce wai aikin da muka yi a zamaninmu dukan ƙasa ne kawai, ko jaki aka ɗaura wa itace a ƙafa zai iya. Kuka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, don na tabbata in aka miƙa wa mai maganar madaɓi, kafin a kira azahar sai an kai ta gida a goye. To ku saurara, ni Talle zan gaya muku yadda ake dukan ƙasar nan. A Azare in kun ce Talle ba kowa zai gane ba, sai kun ce Uwar Daɓe.

Ɗakin farko da na shiga aiki na wata tsohuwa ne a Gadau, ina yarinya, ko ɗaurin ƙirji ban fara ba. Goggo Dudu ce ta tafi da ni, yayar mahaifina, wadda ita ce uwar daɓe a lokacin. Na yi ta tsalle a hanya, ina tsammanin da isarmu za a ba ni madaɓi in shiga layi. Ina! Gindin tsamiya ta kai ni, ta jibge mini ɓawon ɗorawa ta ce in daka. Wannan shi ne makuba: ɓawon da ya rage bayan an cire gari da kalwa, a daka shi, a jiƙa a randa har ruwan ya yi ja ya koma baƙi-baƙi. In babu shi ƙasa ba ta kama jikinta, gara kuma ta samu gida. Na daɗe ba ni da aiki sai dakan makuba da tankaɗen tsakuwa da ɗaukar ruwa. Hannuwana suka rine kamar na wadda aka ƙunsa wa lalle aka manta da ita.

Ku tuna kuma ƙasarmu ta Katagum rairayi ce. Ba ko'ina ake samun jar ƙasa mai tsakuwa ba, sai an je inda take an haƙo, jakuna sun yi ta jigila, don haka ba a wasa da ita. In an baza ta a ɗaki an yayyafa ruwa, Goggo kan ɗebo a tafin hannu ta dunƙule, ta sake ta faɗi. In ta watse, ruwa bai isa ba. In ta lafe kamar tuwo, ya yi yawa. Sai in ta tsage biyu ta tsaya, sannan ta ce, "Bismillah, a kama layi."

Ranar da ta ba ni madaɓina na kaina, ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Na itacen ƙirya ne, reshen da ya tashi da lanƙwasarsa, masassaƙi ya gyara cikinsa ya yi sumul, ya bar mariƙi a ɗage. Durƙusawa ake yi, kafaɗa da kafaɗa, a faro daga ƙuryar ɗaki ana ja da baya zuwa ƙofa. Kuma cikin madaɓin ne zai sauka gaba ɗaya, lokaci guda. In bakinsa ya riga, kin haƙa rami. In gindinsa ya riga, kin tayar da kunya kamar mai huɗa. Ni kuwa duka biyun na yi. Goggo ta zo ta tsaya a kaina, ta riƙe ƙugu ta ce, "Talle, gero za mu shuka a nan ko dawa?" Mata suka yi ta shewa. Ban sake ba.

Washegari kuma za a tarar daɓen ya tsattsage. Wanda bai sani ba sai ya ce aiki ya ɓaci, alhali yanzu aka fara. A yayyafa ruwan makuba a sake duka, a bar shi ya sha iska a sake, har tsagar ta haɗe, fuskar ta ɗauki sheƙi. Goggo da kunne take duba aiki. Takan bi ɗakin tana ƙwanƙwasawa da dunduniya, duk inda ta ji ƙarar ƙwarya a kife sai ta ce a koma. Daɓen da ya nuna, in fura ta zube a kai da hannu ake kwashewa a sha. Dokarta guda ce, kuma har na bar sana'ar ban karya ba: ƙasar da kika jiƙa, ba kya tafiya ki bar ta, ko da mai gidan ya zage ki.

Amma babban kayan aikinmu ba na itace ba ne, waƙa ce. Mata cike da ɗaki, kowa da gungumen ƙirya a hannu, yatsu kusa da kusa. In babu abin da ke haɗa hannuwan, dole na wata ya sauka a kan yatsan wata. Uwar daɓe ta ba da waƙa, sauran su amsa, a kan amshin madaɓai ke sauka, dim! gaba ɗaya, har ki ji ƙasa na motsi a gwiwarki. A cikin waƙar ake sa sunan mai gida, da na ubansa, da na uwar da ta haife shi, da garin da kakanninsa suka baro. Mai wucewa ta bayan katanga ba sai ya yi tambaya ba, ya san gidan wane ake sabon ɗaki. Wallahi in daɓe ya kankama har 'yan kasuwa sukan bar rumfa su zo su tsaya. Ni dai ban san abin da ya kai shi daɗi ba.

Masu gida kuwa iri-iri ne. Akwai matar wani mahauci a Giade da ta ce sai an jera mata tsingaro a bakin ƙofa, fasassun tukwane a kafa su a tsaye ɗaya bayan ɗaya. Ta sa muka tone muka sake, muka tone muka sake, har na rantse a raina ba zan ƙara taka gidanta ba. Da muka gama sai ga tukunyar nama an sauke mana, na manta da rantsuwar. Wani kuma a Dambam goro ɗaya ya raba mana gida huɗu, yana ta sa mana albarka da ƙarfi don maƙwabta su ji.

To, me ake ba mu? Fura da hantsi, tuwo da rana, goro, sai "sannunku da aiki". Uwar daɓe in an ci sa'a a ba ta kallabi. Ba a kiran sa aikin lada, gayya ake cewa, wai taimakon juna ne na mata. A gida ɗaya kuwa magini na kan katanga, 'yan kwaɓa na tattaka ƙasa, mai jaki na jigila, kowannensu da la'asar zai miƙa hannu a zuba masa kuɗi ya sa a aljihu. Haka muka taras, kuma ba daɓe kaɗai ba. Mace ta daɗe tana kaɗi, masaƙi ya karɓi zaren ya ɗan jima a kansa, abin da zai samu ya ninka nata. Maroƙi ya ambaci sunan attajiri a bakin kasuwa a jefa masa riga, mu kuwa mu wuni muna kiran sunan nan har murya ta dushe, a ba mu goro. Gaskiya ban taɓa kawo abin a raina ba, sai shekarar da ruwa ya ɗauke.

Lokacin Goggo ta rasu, ni ce uwar daɓe, mijina ma ya rasu ya bar ni da yara. Gero ya yi ciki ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye. Kafin rani ya raba, ana cin dusa da ganyen tafasa a gidajen da ba a taɓa zato ba. Wa zai yi sabon ɗaki ciki ba komai? Matan layina suka watse, wasu ƙauye wajen dangi, wasu surfe a gidajen masu hali. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Yagana, Babarbariya, bahaguwa mai ƙarfin hannu, wadda ke riƙe mini ƙarshen layi ta jikin bango. Mijinta ya tafi cin rani gabas bai dawo ba, ga yara huɗu a gabanta.

Cikin wannan hali Alhaji Jatau ya aiko a kira ni. Mai sayen gyaɗa ne, lokacin da motoci suka fara yawa a hanyar Kano. Bai daɗe da dawowa daga Makka ba, yana gina zaure babba irin wanda ba a saba gani a unguwar ba, rumbunansa kuwa cike da hatsin bara. Saboda tsadar abinci magina sun ce ba sa son kuɗi, a auna musu gero, ya kuma yarda. Kowane ɗan kwaɓa mudu guda a wuni, Malam Kawu babban magini ya fi haka. Na bi gida-gida na tattaro matana, muka je muna ta murna.

Ranar farko mun ba zauren nan haƙƙinsa. Muka baza ƙasa muka jiƙa, na ɗaga murya na kira Jatau, na kira ubansa, na kira Abu da ta haife shi. Soron ya riƙa mayar mana da amon, kai ka ce ninkinmu ne a ciki. Da aka kawo tuwo na ga Yagana ta ci kaɗan, ta faki ido ta ƙulle sauran a gefen zane. Da la'asar maza suka jeru a bakin rumbu, kowa ya buɗe jakarsa ana auna masa. Mu kuma aka aiko mana da goro a faifai. Yagana ta tsaya tana kallon mudun nan yana hawa yana sauka har aka sallami na ƙarshe, sannan ta juyo ta ce mini, "Uwar Daɓe, goron zan kai wa yara su ci?"

Ban san lokacin da na isa gaban Alhaji ba. Yana kan buzu a inuwar sabuwar katanga. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, magana ce da ni. Bana ba kamar kullum ba ce. A auna mana gero yadda ake auna wa 'yan kwaɓa."

Ya dube ni kamar bai ji da kyau ba. "Talle, yaushe aka fara biyan daɓe? Ba a ba ku tuwo ba?"

"An ba mu, Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma su ma an ba su tuwon."

Malam Kawu na gefe yana wanke ƙafa, sai ya tuntsire da dariya. "Alhaji, ka ji mata! Su fa wasa suka zo yi. Ba ka ji su tun safe suna rera waƙa ba? Mai aiki ai ba ya waƙa. Waɗannan da ake auna wa kuwa magidanta ne, iyali suke ci da su."

Na ce, "Yagana ma iyali take ci da su, Malam."

Alhaji ya ɗaga hannu. "Abin da na taras shi zan yi. In ba za ku iya ba, ai akwai mata a gari."

Kuma gaskiya ya faɗa. A shekarar nan, don tuwon rana kaɗai, da ya yi kira da zauren ya cika. In mun tafi mun rasa tuwon, mun bar ƙasa a jiƙe, sunana kuma ya ɓaci a garin. In mun zauna yadda muke, yaran Yagana za su ci gaba da raba loma. Raina ya ɓaci ƙwarai. A hanyar gida wata ta ce mu watsar da aikin, wata ta ce mu yi haƙuri. Na tsaya na ce musu, "Ba inda za mu. Daɓe muka yi alkawari, daɓe za mu yi, mai kyau kuwa. Amma ban tuna na yi wa kowa alkawarin waƙa ba. Gobe duk wadda ta buɗe baki, ni da ita ne."

Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Washegari muka kama layi shiru, ina gyaɗa kai suna kallona, in kaina ya sauka madaɓai su sauka. Hannu ya gaji tun kafin rana ta ɗaga. Maƙwabciyata a layi ta kuskure ta same ni a babban yatsa, farcen ya yi baƙi nan take, na cije na ci gaba. Dim. Dim. Dim. Babu murya ko ɗaya. Abin da na dogara da shi kuwa kowa a garin ya san shi: mata ba sa daɓe shiru sai in an yi rasuwa a gidan, ƙasa kuma ta riga ta jiƙu ba halin a bari.

Hantsi bai gama yi ba sai ga wata tsohuwa maƙwabciya ta shigo lulluɓe da mayafi tana salati. Ta durƙusa gaban Alhaji ta ce, "Ya haƙuri, Alhaji? Wa aka rasa?" Kafin ya gama rantse mata ba wanda ya mutu, ga wasu mata biyu. Ga wani malami da carbi ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida. Ga 'yan kasuwa sun rufe rumfa sun taho, amma ba kallo suka zo ba, gaisuwa suka zo. Alhaji ya fita ya kori waɗannan, waɗancan su shigo. Malam Kawu na kan katanga da tubali a hannu ya rasa inda zai ajiye shi. Mu dai dim, dim, dim. Wallahi dariya ta kusa kashe ni a ciki, amma fuskata kamar ta mai takaba.

Tun da a gidan ba wanda ya kai Iya Abu tsufa, mahaifiyar Alhaji, sai gari ya yanke cewa ita ce. Wata mai gaisuwa ta wuce cikin gida don ta yi wa matan gida haƙuri, ta tarar da mamaciyar zaune tana shan kunu. Ba a jima ba muka ji sandar tsohuwa na tafe. Ta tsaya a bakin zaure tana haki.

"Jatau! Ni aka kashe da raina a garin nan?"

"Iya, ki yi haƙuri, waɗannan matan ne..."

Ba ta saurare shi ba. Ta nuna ni da sanda. "Ke Talle! Jiya ina kwance na ji sunana har ƙuryar ɗaki, na ji daɗi. Yau me ya rufe miki baki?"

Na ajiye madaɓi na ce, "Iya, an ce mai aiki ba ya waƙa, kuma mai waƙa ba a auna masa gero. To muna so a san aiki muke yi."

Ta dubi yatsana, ta dubi Yagana da ƙashin wuyanta a waje, ta dubi ɗanta. A gaban malamin da 'yan kasuwar da kowa ta ce, "Ƙasar da za ka shimfiɗa wa baƙinka darduma a kai, da hannun masu yunwa za a daɓe ta? Buɗe rumbu."

Alhaji ya share zufa. Ɗan kasuwa ne, ko a nan sai da ya taya. "To, Talle, rabin mudu."

Na ɗauki madaɓina na gyaɗa kai. Dim. Dim.

"Na ji! Na ji! Mudu! Don Allah ku yi waƙar nan mutane su watse!"

Kai, jama'a! Ban taɓa ba da waƙa irin ta ranar nan ba. Nan take ta zo mini, na ɗaga murya: "Zauren Jatau ɗan Abu, mai auna wa mata da mudun maza!" Mata suka amsa, "A cika mudu!" Madaɓai suka sauka har ƙura ta zubo daga azara. Masu gaisuwar mutuwa suka yaye mayafi suka kama tafi. Malamin ya naɗe buzunsa yana murmushi. Iya Abu ta ƙi komawa ciki, aka kawo mata kujera ta zauna tana kaɗa sanda. Alhajin da kansa, da ya ji yadda sunansa ke tashi, sai ga shi yana gyara zaman hula. Da la'asar muka jeru a bakin rumbu bayan maza. Yagana ba ta da jaka, ɗankwalinta ta kwance ta shimfiɗa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce duniya ta gyaru ba. Ni da Malam Kawu duk shugabannin aiki ne, amma har na tsufa ban taɓa karɓar abin da yake karɓa ba. Wasu gidajen ma sun ci gaba da miƙo faifan goro. Sai dai labari ya bazu, kuma tun daga ranar, kafin in jiƙa ƙasa sai an yi magana.

Aikin da ya biyo baya na shagon wani mai kanti ne kusa da kasuwa, shi ma da gero aka yi ciniki. Muna shirin kama layi sai ga Sale, ƙanen Malam Kawu, ƙato da gemunsa, riƙe da sabon madaɓi ko ɓawon jikinsa ba a gama sassaƙewa ba. Gini ya ƙare, ba aiki, yunwa ta cire masa kunya.

"Uwar Daɓe, a ba ni wuri a layi. Sai dai kin san ni magidanci ne, a ɗan duba ni wajen awo."

Na ce, "Abin da Yagana ta samu shi za ka samu. Durƙusa kusa da ita ta nuna maka riƙo. Kuma a layina kowa yana amshi."

Ya durƙusa yana ƙunƙuni. Na ba da waƙa, na ga bakinsa na motsi ba sauti. Na tsayar da aiki na ce, "Ban ji ƙarshen layi ba." Mata suka zuba masa ido. Ya runtse nasa, ya buɗe maƙogwaro ya ce, "A cika mudu!" da wata murya da ta sa jakin da ke waje ya amsa masa. Mun daɗe ba mu iya ɗaga madaɓi ba don dariya.

Da la'asar aka zo awo. Mai awon ya auna wa Yagana mudunta, ta ƙulle ta matsa. Ya auna wa Sale nasa, sai kuma hannunsa ya koma cikin buhu ya ɗebo tafi guda ya ƙara masa gyara, yadda ya saba yi wa maza. Na tabbata shi kansa bai san ya yi ba. Na buɗe baki zan yi magana ke nan, sai na ga Yagana ta dawo. Ta kwance ƙullinta a hankali ta shimfiɗa a gabansa.

"Malam, ka manta gyarana."

Ya ɗago kai zai yi musu, ya tarar duk matan layin sun dawo sun tsaya a bayanta, kowa da ƙullinta a kwance.